Gasa mai sunan mace, masu tsere duk maza

Tun 2001 ake tseren keke na Grand Prix Chantal Biya a Kamaru. Sunan uwargidan shugaban ƙasa ne, amma masu murza feda duk maza ne. Na taɓa jefa wa masu saurarona tambayar dalili, mafi yawansu suka ce ai haka Allah ya halicci abin. Tarihi bai yarda da su ba.

Da aka ƙera keke mai ƙafafu daidai wa daida a Ingila a 1885, mata sun rungume shi. Kafin 1900 har tsere suke yi a Landan da Faris, jama'a na biyan kuɗin kallo. Sai wasu likitoci suka ce sirdi na lalata mahaifa, masu wa'azi suka ce rashin kunya ne, hukumomin wasan kuma suka juya wa mata baya. Alfonsina Strada ta kutsa babban tseren Italiya a 1924, ba a sake barinta ba. Maza sun hau keke a gasar Olamfik tun 1896. Mata sai 1984. Shekara 88 ke nan!

Mu kuwa a hannun namiji keken ya iso mana: masinjan Bature, akawu, ɗan kasuwa mai sabon Raleigh. Wanda ke karɓar albashi shi ke saye, kuma shi ke fita. Dubi New Bell, inda Jamusawa suka tura mutane a 1914, baƙi irin kakanninmu suka cika ta. Mace na cikin gida tana tuya, yarinya na talla da faranti a ka. Ga zani, ga camfin nan cewa keke na ɗauke budurci, wanda har gobe ana faɗa a Grand Hangar, ƙetaren gadar Wuri. Da babura 'yan bensikin suka mamaye Duwala bayan yajin 1991, yaron ma da ƙyar ya samu gefen titi, balle yarinya.

A ganina ba a addini matsalar take ba. Je ka Wagadugu, Musulmi ne da yawa, ka ga mata bisa keke da goyo da kaya.

A 2022 aka dawo da Tour de France na mata. A 2025 Kim Le Court 'yar Moris ta zama 'yar Afirka ta farko da ta sa rigar nan ruwan ɗorawa ta jagora, kuma a shekarar ce Kigali ta karɓi gasar duniya, maza da mata.