Aikin bincike bayan digirin digirgir: ina damar take a Zariya?

Samun digirin digirgir ba shi ne ƙarshen horon masanin kimiyya ko injiniya ba. A manyan jami'o'in duniya akwai matakin da ke biye da shi, inda sabon dakta kan karɓi aikin bincike na ƙayyadadden lokaci, galibi shekara 1 zuwa 3, a ƙarƙashin gogaggen farfesa.

Mai wannan aiki ba ɗalibi ba ne, domin ana biyansa albashi ko alawus. Abin da ake bukata daga gare shi shi ne ya gudanar da gwaje-gwaje, ya wallafa sakamakonsu a mujallun masana, ya kuma koyi neman kuɗin bincike da kansa.

Cibiyoyin da ke Zariya

Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, ita ce cibiyar irin wannan bincike a Zariya. Harabarta ta Kongo, kusa da Tudun Wada, ta fannin shari'a da gudanarwa ce. Sassan kimiyya da injiniyanci kuwa suna Samaru.

Cibiyar Binciken Makamashi ta jami'ar ce ke da na'urar nukiliya ta bincike ta farko a Najeriya, ƙirar ƙasar Sin, wadda ta fara aiki a 2004 da ƙarfin kilowat 30. Da ita ake tantance sinadaran da ke cikin ƙasa da ma'adinai.

Akwai kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da ta kiwon dabbobi a Shika. Bankin Duniya ya tallafa wa wata cibiyar jami'ar da ke nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi waɗanda ba a kula da su ba.

A irin wannan fanni ne marigayi Farfesa Andrew Nok ya yi fice. Bincikensa kan ƙwayar cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa ya sa ya ci kyautar kimiyya ta kamfanin NLNG a 2009.

Masu ba da tallafi

A Turai da Amurka, farfesa kan ɗauki mai binciken ne daga kuɗin da ya samo. A Najeriya kuwa, akasarin masu digirin digirgir malamai ne da tuni suke koyarwa, don haka guraben ba su da yawa.

Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, yana ɗaukar nauyin ƙarin horo ga malaman manyan makarantun gwamnati. Gidauniyar Humboldt ta Jamus na ba masana daga ƙasashe masu tasowa tallafin wata 6 zuwa 24. Ita ma cibiyar TWAS da ke Italiya tana da nata shirin.

Yawanci akan nemi shaidar digiri, da jerin abin da mutum ya wallafa, da tsarin binciken da zai yi, da amincewar farfesan da zai karɓe shi.

Inda gizo ke saƙa

Matsalar wutar lantarki, da tsadar kayan gwaji, da yawan ɗaliban da malami ke koyarwa, duk suna rage lokacin bincike. Wannan na daga cikin dalilan da ke sa wasu da suka fita waje ba sa dawowa, jami'ar da ta horar da su kuma ta rasa waɗanda za su gaji manyan farfesoshinta.