HANYA TA WA CE? TARIHIN TSINTSIYA A BALEYARA



Wata Litinin da safe, bayan kasuwar Lahadi ta watse, na fito da yaran ajina muna tsintar leda a bakin kwalta. Sai wani dattijo da ke zaune gindin itace ya kira ni, ya ce: "Mushe, nawa gwamnati ta biya ku?" Na ce: "Baba, ba wanda ya biya mu." Ya girgiza kai, ya ce: "To, Nasara ya komo ke nan?" Mutane sunka yi dariya. Ni ban ji haushi ba, don na gane maganar tsohon nan tana da tushe, kuma tushen nata nike so mu tono tare a wannan takarda.

Kowa ya san kakanninmu ba raggaye ba ne. Tun kafin zuwan Turawa akwai gayya a ƙasar Kurfai da Tagazar, haka kuma Zabarmawa maƙwabtanmu suna da tasu. Mai gona ya kira, samari su fito da hauya, makaɗi ya bi su, mata su kawo fura. Da gayya ake yasar rijiya, da ita ake ɗaukar jinka, da ita ake gyaran masallaci da maƙabarta. Amma ku duba da kyau: kowane aikin gayya yana da mai shi, kuma an san shi. Wanda ka yi wa yau, gobe shi zai yi maka. Ba a biyan kowa, ba a kuma bugun kowa. Wanda ya ƙi fitowa kunya ce ke hukunta shi.

A farkon ƙarni na 20 Faransawa sunka kafa bariki a Filinge. A 1922 Nijar ta zama mallakarsu mai gwamna, a 1926 kuma anka maido babban birni daga Damagaram zuwa Yamai. Sai buƙatar hanyar mota ta ƙaru, don kwamanda ya yi rangadi, don lanho ya isa baitulmali. Wa ya yi hanyoyin? Talakawa. Kowane baligi akwai kwanakin aikin tilas bisa wuyansa a shekara. Kwamanda ya faɗa wa sarki, sarki ya faɗa wa mai gari, dogarai da gardawan bariki su tattaro mutane. A sari itace, a ɗauki dutse da jan ƙasa a kai, ba lada, wani lokaci ma da damina, gona tana jiran noma. A 1931 fara ta cinye hatsi, yunwa ta kashe mutane da yawa a yammacin Nijar, duk da haka lanho bai tsaya ba. Mutane da dama sunka gudu Nijeriya da Gwalkwas, wato Gana ta yanzu. Cikin masu karanta wannan takarda akwai waɗanda tafiyar gidansu zuwa kurmi daga nan ta samo asali.

Sai ranar 11 ga Afrilu 1946 majalisar Faransa ta soke aikin tilas, da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny na Kodibuwa. Bulala ta tafi, amma ta bar tabo. Tun daga lokacin, a kunnen talaka aikin hanya da wulaƙanci abu guda ne. Hanya ta Nasara ce. Da Nasara ya tafi a 1960 ta zama ta gwamnati, gyaranta kuwa na 'yan tepe ne, masu albashi. Haka muke faɗa har yau: lakwal ta gwamnati, likita ta gwamnati, famfo na gwamnati. Mutum ya share tsakar gidansa tas, ya kwashe sharar ya zuba a bakin hanya, zuciyarsa ba ta gaya masa ya yi laifi ba, don a ganinsa ya zuba ta inda ba na kowa ba.

An yi ƙoƙarin gyara wannan. Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, Seyni Kunce, ɗan Fandu, wanda ba baƙo ba ne a wannan yanki namu, ya tada samariya. Ita ma tsohuwar al'ada ce, da sarkin samarinta, sai gwamnati ta ba ta sabon ƙarfi. Iyayenmu suna ba mu labari: samari da 'yan mata sunka gina azuzuwa da tubali, sunka dasa itatuwa, sunka share tituna da filin kasuwa da kiɗa da waƙa. Wannan gaskiya ce, kuma kada mu raina ta. Amma su iyayen namu, in hira ta yi daɗi, suna ƙarawa da cewa da tsoro a ciki. Umurni daga sama yake zuwa, kuma ba kowa ke iya cewa ba shi fitowa ba. Kunce ya rasu ranar 10 ga Nuwamba 1987. Bayan babban taron ƙasa na 1991 jam'iyyu sunka yawaita, samariya ta yi sanyi, tsintsiya ta koma bayan ɗaki. Waɗanda sunka zauna Nijeriya sun ga irin haka: a 1984 gwamnatin Buhari da Idiagbon ta ɗaura yaƙi da rashin ɗa'a, anka riƙa sharar gari da soja tsaye. Inda sojan ya kau da kai, bola ta komo wurinta.

Ana cikin haka ita kanta sharar ta sake kama. Da can abin da kasuwa ke bari shi ne kashin bisashe, kara, kaba, fasasshiyar ƙwarya da ganye. Manomi ya kwashe taki, gara da akuya su ƙarasa sauran. Yanzu leda ce: ta sukari, ta goro, ta ruwan sanyi. Ba ta ruɓewa. Iska ta ɗauke ta ta rataya a ƙaya, ruwa ya tura ta ƙarƙashin kadarko ta toshe, ruwan ya kwanta, sauro ya samu gida. Ku tambayi mahauta abin da suke tararwa a tumbin akuya da saniya. Baleyara kuwa da bisashe anka san ta. Kilomita wajen 100 ke tsakaninmu da Yamai, amma kowace Lahadi mahauta da dillalai suna zuwa saboda su. Bisar da ta ci leda tana ramewa, kuɗinta ya faɗi, wata ma ta mutu. Hasarar ba a aljihun gwamnati take ba. A 2014 an yi doka ta hana shigowa da sayar da irin wannan leda a Nijar, amma kowa ya ga abin da ke hannun 'yan tebur.

Wani abu kuma ya sake wanda ba mu lura da shi sosai ba. A 2004 anka yi zaɓen ƙananan hukumomi, Baleyara ta zama mazaunin meri ta Tagazar. A 2011 ta zama departama mai kanta, bayan da tana ƙarƙashin Filinge. Gwamnatin da muke jingina wa komi ta matso har ƙofar gida. Tiken da ake yanka wa mai tumaki da mai rumfa ran kasuwa kuɗinmu ne. Saboda haka hanya da kasuwa suna da mai su, kuma an san shi: mu ne. Wanda ya ce a bar wa hukuma shara yana da rabin gaskiya, don kwashe bola aikinta ne, kuma wanda duk ke riƙe da meri ya kamata a tambaye shi cikin ladabi. Amma mai tambayar da tsintsiya ke hannunsa ya fi samun kunnen saurare.

Ga shawarata ga taron ƙungiya mai zuwa. Mu maido gayya, mu kai ta bakin hanya kowace Litinin da safe, unguwa-unguwa. Kada a rubuta sunan wanda bai fito ba, kada a ci kowa tara, don kada abin ya yi kama da na bariki. Kada kuma a bar wa 'yan lakwal su kaɗai, sai yara su ɗauka horo ne. 'Yan'uwa na waje su taimaka da kuɗin amalanke, manjagara da shebur, a karanta lissafin a bainar jama'a. Dattawa uku ko huɗu su je meri su nemi a nuna mana wurin zuba shara nesa da rijiyoyi da makiyaya. Malamanmu su tuna wa jama'a ran Juma'a cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce.

Shi kuwa baban da ya yi mini tambaya, na koma na gaishe shi. Ya ba ni labarin mahaifinsa da ya ɗauki dutse a kai zamanin kwamanda. Na roƙe shi ya zo ya faɗa wa yara da bakinsa, ya ce in Allah ya kai mu zai zo.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya maido matafiya gida lafiya. Wassalam.