Zuriyar Likita Mila: Gādon da Ba na Jini Ba a Wusasa

Turawan Ingila da suka shigo ƙasar Hausa a farkon mulkin mallaka, galibinsu 'yan ci-rani ne. Su yi wa'adinsu na razdan ko di'o, su koma gida su ci fansho. Walter Miller, wanda Zazzagawa suka sani da Likita Mila, yana cikin ƙalilan da suka zo suka zauna. An haife shi a Ingila a 1872, ya karanta likitanci a Landan, ya rasu a ƙasar Jos a 1952. Bai yi aure ba, bai bar ɗa na cikinsa ba. Duk da haka ina ganin babu Baturen wancan zamani da ya bar zuriya a Arewa kamarsa, in dai mun yarda cewa a wurin Bahaushe ɗan riƙo ma ɗa ne.

Sai da ya je Turabulus ya koyi Hausa a bakin fatake da alhazai kafin ya tako ƙasar. A 1900 ya biyo ayarin mishan na Bishop Tugwell har Kano, Sarki Alu ya sallame su ba tare da ya ba su izinin zama ba. A 1905 ya samu wurin zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta. Burinsa a fili yake: ya mayar da Musulmin Hausa Kiristoci. Wannan buri bai cika ba, kuma zamansa a birni bai yi daɗi ba. Tsakaninsa da Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi babu shiri, kuma ƙararrakin da ya riƙa kaiwa suna cikin abin da ya jawo aka tuɓe sarkin aka kai shi Lakwaja. Duk mai son yabon Mila sai ya fara haɗiye wannan.

Abin da ya raya aikinsa daga gefe ya zo. A 1913 jikokin Isawa, mabiyan Malam Ibrahim da aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda yadda ya ɗaukaka matsayin Annabi Isa, suka neme shi da kansu. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna, yaran da suka tsira da yawa suka tashi a hannun mishan. A 1929 aka fitar da mishan ɗin daga ganuwa zuwa Wusasa, a 1932 kuma aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa, fassarar da Mila ya yi wa hidima shekaru masu yawa.

Daga wannan ƙaramin gida aka samu Dokta R.A.B. Dikko, likitan boko na farko a Arewa, wanda ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa a farkon kafuwarta. Da John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Da Farfesa Ishaya Audu, shugaban Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Yakubu Gowon ma a Wusasa ya girma, inda mahaifinsa ke aikin coci.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda tarihinmu ke tsallake waɗannan mutane. Marubutan mishan suna lissafa su a matsayin ribar Mila, wasu marubutanmu kuma suna ɗaukarsu baƙi, kamar Hausanci ya fita daga jikinsu ranar da suka shiga coci. Alhali da Hausa suke addu'a, da Hausa suke jana'iza, ko cocinsu ta Wusasa da ƙasa aka gina ta, da hannun maginan Zazzau. Isawa kuwa suna da aƙidarsu tun kafin Mila ya san harafi ɗaya na Hausa, kuma su suka yi tattaki suka je ƙofarsa.