Daidaita Fari a Kyamarar Dijital: Nazari kan Gazawar Saitin Oto Inda Launi Ɗaya Ya Mamaye

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi yadda kyamarar dijital ke gane fari a cikin hoto, tare da dalilin da ya sa saitin oto ke kuskure a wuraren da launi ɗaya ya rinjaya, kamar marina da wajen biki. An ɗora nazarin kan ka'idojin kimiyyar haske da aka riga aka tabbatar.

Gabatarwa

Kowane haske yana da nasa launin, wanda galibi ake aunawa da ma'aunin Kelvin. Kyandir yana kusan 1900, ƙwan lantarki mai zare tsakanin 2700 da 3200, ranar tsaka kusan 5500, inuwa kuwa takan kai 7000 ko fiye. Idan lamba ta yi ƙasa hasken ja-ja ne, idan ta hau sai ya koma shuɗi-shuɗi. Idon mutum ba ya damuwa da wannan bambanci: farar riga fara ce gare shi a ɗaki ko a waje. Edwin Land da John McCann sun yi bayanin wannan baiwa ta ido a 1971. Ita kyamara ba ta da ita, sai dai lissafi.

Yadda kyamara ke lissafinta

Galibin kyamarori suna amfani da matatar launi ta Bryce Bayer na kamfanin Kodak, wadda aka yi wa rajista a 1976: rabin ɗigoginta kore ne, kwata ja, kwata shuɗi. Daidaita fari shi ne ƙara ko rage ƙarfin ja da shuɗi har abin da ba shi da launi ya fito ba launi. Tambayar ita ce, a ina kyamara za ta san abin da ba shi da launin? Ɗaya daga tsofaffin amsoshi ita ce ta Gershon Buchsbaum a 1980, cewa idan aka gauraya duk launukan da ke cikin hoto, ruwan toka za a samu. Kyamarorin yau sun ƙara dabaru a kan wannan, amma har yanzu hasashe suke yi.

Inda hasashen ke rushewa

A ɗauki marinar Ƙofar Mata a Kano. Idan shuni ya cika hoto, kyamara kan ɗauka hasken ne ya yi shuɗi, sai ta rage shi. Sai zanen da aka rina ya koɗe, fuskar marini ta koma ruwan ɗorawa. Haka abin yake, amma a juye, idan ƙawayen amarya sun yi anko da jan leshi: za a rage ja, fata ta dusashe kamar an shafa mata toka. Wannan ba ƙaramar asara ba ce ga mai hoton da launin tufa ne aka biya shi ya ɗauka.

Zauren biki ya fi wuya, domin haske biyu ko uku ne ke haɗuwa: na taga, na filasha, da na doguwar fitila mai jefa kore-kore. Koren nan ba ya kan ma'aunin Kelvin, gyaransa daban ne, kuma babu saiti ɗaya da zai gamsar da duka. Sai mai hoto ya zaɓi hasken da ke kan fuska, ya haƙura da sauran.

Hanyar da ta fi inganci ita ce a ɗauki katin toka a cikin hasken da za a yi aiki, a saita kyamara da shi. Haka kuma, fayil ɗin hoto na RAW, mai bit 12 ko 14, yana ba da damar sauya saitin daga baya ba tare da hoton ya lalace ba. JPEG mai bit 8 kuwa ya riga ya yanke hukunci tun a cikin kyamara. Saboda haka saitin oto ya wadatar a hasken rana da launuka gauraye, amma bai kamata a dogara da shi a marina ko a zauren biki ba.