Harafi Ɗaya a Cikin Jini: Asalin Gwajin Sikila Kafin Aure

A Unguwar Rimi ta Kaduna, ya zama ruwan dare tun kafin a sa rana wani daga dangin yarinya ya nemi takardar gwajin jini: AA ne ko AS? Kakanninmu ba su san wannan tambaya ba. Abin da suka sani shi ne yaron da hannu da ƙafa ke kumbura tun yana goye, idanu su yi rawaya, sanyin damina ya sa shi birgima da ciwon ƙashi. Wasu su ce amosani, wasu su ce wabi, wasu su ɗora wa mayu.

Amsar ta faro ne daga nesa. A 1869, a garin Tubingen na Jamus, wani matashin likita ɗan Switzaland, Friedrich Miescher, ya riƙa karɓo bandejin da aka kwance daga raunuka, yana tace mugunyar da ke jiki. Daga tsakiyar ƙwayoyin halittar da ke cikinta ya fitar da wani sinadari da ba a sani ba. Shi ne DNA. An daɗe ana yi masa kallon hadarin kaji, sai a 1944 Oswald Avery da abokan aikinsa suka nuna shi ke ɗauke da gado. A 1953 James Watson da Francis Crick, a Kambirij ta Ingila, suka bayyana siffarsa, da taimakon hoton da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin: zare biyu a murɗe da juna, jere da haruffa huɗu, A da T da G da C. A na kama T, G na kama C. Zaren da ke ƙwayar halitta ɗaya, in an miƙe shi, ya kai mita 2. DNA ba ya fita daga tsakiyar ƙwaya; ɗan'uwansa RNA ke kwafar saƙon ya kai inda ake ƙera furotin, ana karanta shi haruffa uku-uku.

Sikila ce cuta ta farko da aka bi diddiginta har wannan zurfi. Tun 1910 likita James Herrick na Chicago ya ba da rahoton jajayen ƙwayoyin jini lanƙwasassu kamar lauje a jinin wani ɗalibi baƙar fata daga tsibirin Grenada. A 1949 Linus Pauling ya gano aibin na cikin himogulobin, furotin da ke ɗaukar iskar da muke shaƙa. A 1956 zuwa 1957 Vernon Ingram ya nuna guntu ɗaya tak na furotin ɗin ya sauya, na shida cikin 146 da ke jere a ɗaya daga sarƙoƙinsa. A DNA kuwa, inda aka saba GAG, nan aka samu GTG. Shi ke nan. Wannan harafin ne ke sa himogulobin manne wa juna in iska ta yi ƙaranci, ƙwayar ta sandare ta toshe ƙananan jijiyoyi, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon 120.

To me ya sa sikila ta yi mana katutu? Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka a 1954 cewa mai AS, wato wanda ya gaji sauyin harafin daga ɗaya cikin iyayensa kaɗai, ya fi jure zazzaɓin cizon sauro. Shaidar da ta fi taɓa zuciya kuwa daga gida ta fito. A aikin binciken maleriya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a ƙauyukan Garki, cikin Jigawa ta yanzu, Farfesa Alan Fleming na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, da abokansa sun wallafa a 1979 cewa kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, kuma kusan kashi 2 cikin 100 na jarirai SS ne, wato masu sikila. Amma cikin manya da ƙyar a ga mai SS. Ba warkewa suka yi ba, rasuwa suka yi suna ƙanana, ba wanda ya san sunan ciwonsu.

Yau ana ƙiyasta jarirai 150,000 ake haifa da sikila duk shekara a Najeriya, fiye da kowace ƙasa. Kano ta wajabta gwaji kafin aure a 2024. Sai dai a ganina muna makara. Ana zuwa ɗakin gwaji bayan soyayya ta yi nisa, an haɗa lefe, lokacin da rabuwa ta fi zafi, har wasu su rungumi ƙaddara. Ga kuma kuskuren lissafi: in AS ya auri AS, haɗarin ɗaya cikin huɗu yana kan kowane ciki ne. Haihuwar mai SS ɗaya ba ta kuɓutar da ukun da ke biye.

A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da Casgevy, maganin da ke gyara DNA na ƙwayoyin ɓargon mara lafiya, a kan dala miliyan 2.2. Uwar da ke kai ɗanta Asibitin Barau Dikko daga Unguwar Rimi ba ta da wannan hali. Abin da ke raya mata yaro shi ne a gano ciwon tun yana jariri, a ba shi fenisilin da rigakafi, ya kwana cikin gidan sauro, ya sha ruwa sosai, sannan a samu kuɗin hydroxyurea duk wata.