Icen Ud a Al'adar Larabawa

Ud ice ne mai ƙamshi da Larabawa suka fifita a kan sauran turaruka, alhali ba ya tsirowa a ƙasarsu. Daga bishiyar Aquilaria ake samunsa, a dazuzzukan Assam ta Indiya da Kambodiya da Biyetnam da Indunusiya. Lafiyayyar bishiya ba ta da wani ƙamshi. Sai ta ji rauni, cuta ta shige ta, sannan take tara baƙin ƙaro a cikinta shekara da shekaru. Icen da ƙaron ya cika shi sosai har nutsewa yake yi a ruwa, shi ne kuma mafi tsada.

Tun zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an san ud a Hijaz da sunan aluwwa. Muslim ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar yakan yi turare da shi, wani lokaci zallansa, wani lokaci haɗe da kafur, yana mai cewa haka Annabi yake yi. A ganina wannan ne ya tsare darajar ud fiye da tsadarsa. A zamanin Abbasiyawa jiragen ruwa suka riƙa kawo shi ta Siraf da Oman da Aden, ana kiran kowane iri da sunan inda ya fito: Kamari daga ƙasar Kambodiya, Sanfi daga Champa, a Biyetnam ta yau.

A majalisar mutanen Saudiyya da ƙasashen Tekun Fasha, bayan an sha gahawa, mai gida kan ɗora ɗan guntun ice a kan garwashi a kaskon da suke kira mabkhara. Sai a zagaya da shi, kowa ya tara gemu, ya buɗe mayafin kansa hayaƙin ya shige. Baƙo ya san daga nan sai sallama. Man ud kuwa ɗis-ɗis ake shafawa ran Juma'a da ran biki, da shi ake turara Ka'aba idan an wanke ta, alhazanmu ma kan riƙo shi tsaraba.

Son da ake masa ya kusa ƙarar da bishiyar a daji. A 1995 aka sa nau'in Aquilaria malaccensis ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai taƙaita cinikin tsirrai da dabbobin da ke barazanar ƙarewa. Yau wani kaso na ud na kasuwa daga gonaki yake fitowa, inda manoma ke huda bishiyar su sa mata cutar da hannunsu.