Yadda ake shirya fayil ɗin bidiyo ya riƙa tafiya sumul a shafin intanet

Duk mai kallon bidiyo a waya ya san da'irar nan da ke juyawa a tsakiyar allo, hoto ya tsaya cak, murya ta ɗauke. Kamfanin sadarwa aka fi ɗora wa laifi, kuma a wasu lokutan laifin nasa ne. Sai dai sau da yawa cutar tana cikin fayil ɗin kansa, domin an ɗauko shi daga kyamara ko manhajar tace bidiyo an ɗora a shafi ba tare da an shirya shi don kallo ta intanet ba. Asarar kuwa a bayyane take ga gidan jarida, malamin da ke koyarwa daga nesa ko ɗan kasuwa mai tallata hajarsa: mai kallo ya gaji da jira ya rufe, bayan datarsa ta riga ta ƙone.

Dandamali irin su YouTube da Facebook suna yi wa duk bidiyon da aka ɗora musu wannan gyara da kansu. Wanda ya zaɓi ajiye bidiyo a shafinsa kuwa, aikin ya rataya a wuyansa.

Dalilin matse bidiyo

Bidiyo jerin hotuna ne da ake nunawa cikin sauri, kowane hoto ana kiran sa firam. A tsarin talabijin na Najeriya da Turai, firam 25 ke wucewa a kowace daƙiƙa. Firam ɗaya mai girman 1920 da 1080 yana ɗauke da ɗigon hoto, wato fiksel, fiye da miliyan 2, kuma idan ba a matse shi ba nauyinsa ya haura megabait 6. Da wannan lissafi, daƙiƙa ɗaya za ta kai kusan megabait 155, minti ɗaya kuma ya wuce gigabait 9. Babu layin wayar da zai iya ɗaukar wannan kaya.

Matsewa tana aiki ne da cewa firam ɗin da ke bin juna sun yi kama sosai. Idan mai ba da rahoto yana magana a gaban bango, bangon bai canza ba, don haka ba sai an sake aiko da shi sau 25 a daƙiƙa ba. Abin da ya motsa kaɗai ake aikowa.

Kodek da mazubi

Abubuwa biyu ne mutane kan rikita. Kodek shi ne tsarin da ke matse hoto ko sauti, ya kuma warware su a lokacin kallo. Mazubi kuwa shi ne fayil ɗin da ke haɗa hoto, sauti da sauran bayanai wuri guda, kuma shi ake gani a ƙarshen suna, kamar MP4, MOV ko WebM. Ganin MP4 a ƙarshen suna ba ya nuna irin kodek ɗin da ke ciki, shi ya sa wani fayil ɗin zai buɗe a wannan waya ya ƙi buɗewa a waccan.

Kodek ɗin da ya fi karɓuwa har yau shi ne H.264, wanda aka kammala a 2003. Kusan kowace waya, kwamfuta da talabijin na zamani suna da ɓangaren da aka ƙera musamman don warware shi, abin da ke rage cin batir da zafin waya. Bayansa an samu H.265 da VP9 na kamfanin Google, dukansu a 2013, sai AV1 a 2018. Waɗannan sun fi shi iya matsewa, amma ba kowace na'ura ke iya kunna su cikin sauƙi ba, musamman tsofaffin wayoyi da masu rahusa. Wanda zai ajiye fayil guda ɗaya tak, mafi aminci shi ne H.264 ga hoto da AAC ga sauti, a cikin mazubin MP4, da tsarin launi na yuv420p.

Akwai abin lura game da bidiyon da aka ɗauka da waya. Tun daga 2017 wayoyin iPhone sukan ɗauki bidiyo da H.265 a mazubin MOV. Wayoyi da dama kuma sukan riƙa sauya yawan firam a daƙiƙa gwargwadon haske, lamarin da kan sa murya da motsin baki su saɓa bayan tacewa. Maganinsa shi ne a sake fitar da bidiyon da tsayayyen adadin firam.

Jadawalin da ke ƙarshen fayil

A nan ne kuskuren da ya fi yawa yake, kuma gyaransa ya fi na sauran sauƙi. Kowane fayil na MP4 yana da wani sashe mai suna moov, wanda yake tamkar jadawalin abin da ke cikin littafi: shi ke faɗa wa burauza tsawon bidiyon, irin kodek ɗinsa da kuma inda kowane firam yake. Kyamara ba ta sanin waɗannan bayanai sai ta gama ɗauka, saboda haka takan rubuta sashen a ƙarshen fayil.

Burauza ba ta iya fara nuna komai sai ta karanta wannan jadawali. Idan yana ƙarshe, dole ta tsallaka can ta nemo shi sannan ta dawo, kuma inda sabar ba ta ba da damar tsallakawa ba, sai an sauke fayil ɗin gaba ɗaya kafin hoto ya motsa. Gyaran shi ne a dawo da jadawalin farko. Manhajar FFmpeg, wadda Fabrice Bellard ya fara a shekarar 2000 kuma kyauta ce, tana yin haka da umarni guda:

ffmpeg -i asali.mp4 -c copy -movflags +faststart gyararre.mp4

Wannan umarni ba ya taɓa ingancin hoto, jeren sassan kawai yake sauyawa, kuma yakan gama cikin ɗan lokaci. Wanda bai saba da rubuta umarni ba zai sami irin wannan zaɓi a manhajar HandBrake da sunan Web Optimized.

Nauyin bidiyo da kuɗin data

Abin da ke tantance ko bidiyo zai tsaitsaya shi ne yawan bayanan da yake buƙata a kowace daƙiƙa, wanda ake aunawa da megabit. Idan bidiyo yana neman megabit 8 a daƙiƙa alhali layin mai kallo yana kawo 3, babu makawa sai ya tsaya. Megabit 8 ne ke yin megabait 1, don haka bidiyon minti 5 a kan megabit 8 zai ci megabait 300, amma a kan megabit 1 zai ci megabait 37.5. Ga mai kallo a Gusau ko Maraɗi da ke sayen data ta kwana ɗaya, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

YouTube na ba da shawarar megabit 8 ga bidiyon 1080p da megabit 5 ga 720p, amma wannan ma'auni ne na ɗorawa, domin kamfanin zai sake matse fayil ɗin kafin ya isa ga jama'a. Kuskure ne a ɗauki wannan adadi a aika wa mai kallo kai tsaye. A ƙaramin allon waya, 720p ko ma 480p kan wadatar da rahoto ko hira. A manhajar x264 da ke fitar da H.264 akwai ma'aunin inganci mai suna CRF, daga 0 zuwa 51, wanda ke zuwa a kan 23. Ƙara lambar na rage nauyi tare da rage kyan hoto. Sautin magana kuwa ba ya buƙatar fiye da kilobit 96 zuwa 128.

Firam ɗin ginshiƙi

Tunda yawancin firam canji kawai suke ɗauke da shi, dole a riƙa saka cikakken hoto lokaci-lokaci, wanda sauran za su dogara da shi. Shi ne firam ɗin ginshiƙi. Idan mai kallo ya tsallaka zuwa tsakiyar bidiyo, daga ginshiƙi mafi kusa ake farawa. Tazarar da ta yi yawa tana jawo jinkiri wajen tsallakawa, wadda ta yi kaɗan kuma tana ƙara nauyi. Kamfanin Apple ya ba da shawarar a saka shi duk bayan daƙiƙa 2.

Yanka bidiyo gunduwa-gunduwa

Fayil guda ya isa ga gajeren bidiyo. Dogon shiri ko watsawa kai tsaye kuwa na buƙatar tsarin da ke sauyawa daidai da ƙarfin layi. Apple ya fito da HLS a 2009, sannan aka wallafa MPEG-DASH a matsayin ma'aunin ƙasa da ƙasa a 2012. Dabararsu ɗaya ce: a fitar da bidiyon a matakan inganci daban-daban, a yanka kowane mataki zuwa gutsattsari na 'yan daƙiƙoƙi, a rubuta jerinsu a wani ƙaramin fayil. Na'urar mai kallo tana auna saurin layi, idan ya yi rauni ta koma ƙaramin mataki, idan ya farfaɗo ta hau na sama. Hoto kan ɗan dushe, amma kallo ba ya yankewa.

A jagorar Apple, tsawon kowane gutsure daƙiƙa 6 ne, matakan kuma sun fara daga kilobit 145 har zuwa kilobit 7,800. Sharaɗin shi ne firam ɗin ginshiƙi su faɗo a wuri ɗaya a dukan matakan, in ba haka ba za a ga tsalle a lokacin sauyawa. Burauzar Safari tana kunna HLS da kanta, wasu kuma akan haɗa musu da ɗan shiri irin su hls.js.

Rabon sabar da shafi

Fayil mai kyau ma zai iya ba da matsala idan sabar ba ta yarda a nemi wani yanki nasa kaɗai ba. Sabar da ta dace tana amsa irin wannan buƙata da lambar 206, kuma da ita ce mai kallo ke iya tsallakawa gaba ko baya. Nisa ma yana da tasiri, shi ya sa ake amfani da kamfanonin rarraba bayanai da ke ajiye kwafi a garuruwa mafi kusa da masu kallo.

A shafin kansa, tun da Adobe ya daina tallafa wa Flash a ranar 31 ga Disamba, 2020, tsarin bidiyo na HTML5 ne ya rage a fage. Yana da kyau a sa hoton bango da zai bayyana kafin a danna, a kuma hana bidiyon sauka sai mai kallo ya nema. Kunna bidiyo da kansa yana cinye datar wanda bai nemi kallo ba, kuma manyan burauzoji sukan hana shi idan da sauti.

Kafin a wallafa

'Yan jarida suna da ƙarin abin kiyayewa. Waya takan rubuta wurin da aka ɗauki bidiyo, lokaci da samfurinta a cikin fayil, kuma wanda ya sauke shi zai iya karantawa. Inda rayuwar majiya ke cikin haɗari, wajibi ne a goge waɗannan bayanai kafin ɗorawa. A kuma adana fayil na asali a wuri daban, domin duk matsewar da aka sake yi tana rage inganci, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa.

Gwajin ƙarshe bai kamata a yi shi da kwamfutar ofis da layinta mai ƙarfi ba. A ɗauki waya mai rahusa, a kashe Wi-Fi, a buɗe shafin da datar waya, a tsallaka zuwa tsakiyar bidiyon a ga ko zai ci gaba nan take. Idan ya tafi lafiya a wannan yanayi, ana iya sake shi ga jama'a.